Shekarar da Itacen Bai Rubuta Ba

Ni ba ni da haƙuri, kowa a gidanmu ya san haka. Shi ya sa da labari ya isa Maraɗi cewa karatun da ya kai ni Faransa shi ne in zauna tun safe har la'asar ina ƙirga layukan da ke cikin itace, Inna mahaifiyata ta yi dariya har da hawaye. Ta ce yarinyar da ba ta iya jiran tuwo ya huce ita aka ba wannan aiki, lallai Turawa ba su yi bincike ba. Baba kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a aikin gandun daji, yana bin ƙauyuka a kan babur yana faɗa da masu saran gawo, har ya ajiye aiki. A wurinsa ƴarsa ta gaji sana'arsa ce, sai dai ita ta samu kujera da inuwa.

A lokacin ina zaune a Guillotière, wata unguwa a birnin Lyon, a wani ɗaki da ke saman shagon wani mahauci ɗan Aljeriya. Kowace safiya in hau taram zuwa Villeurbanne, inda labonmu, wato ɗakin bincikenmu, yake a ƙarshen wani dogon gini mai warin ƙaro da kofi. Itatuwan da nake aiki a kansu ba na cikin gari ba ne. Suna can kudu, tafiyar wajen awa uku a mota, a kan busassun duwatsu masu farar tsakuwa da ruwa ba ya kwana a kansu. Faransawa na kiransu pin da sapin. Ganyensu kamar allura yake, kuma kore suke rani da damina. Ranar da na fara taka wurin na ga ƙaya, na ga ƙasa ta tsattsage, na ga har kauci ya kama rassan. Na ce a raina ashe su ma suna da irin tamu, suke ta yi mana kallon tausayi.

Akwai wani ƙarfe mai kama da dogon bututu da ake kafawa a jikin itacen daidai ƙirjin mutum, a yi ta murɗawa har ya kai tsakiya, sannan a zaro ɗan siririn sanda mai kaurin fensir. In an koma labo a manna shi a kan katako, a goge shi da takarda mai yashi har ya yi santsi, a sa shi ƙarƙashin madubi mai ƙara girma. Sai ka ga shekaru a jere. Kowace shekara itacen yakan ƙara zobe ɗaya a ƙarƙashin ɓawonsa, fari-fari a farkonsa, da ɗan baƙin layi a inda ya tsaya da girma. Shekarar da aka samu ruwa zoben ya yi faɗi, shekarar fari ya tsuke. Ni aikina in auna su ɗaya bayan ɗaya, in faro daga ɓawo in yi ta komawa baya, in ga abin da ɗumamar duniya take yi wa waɗannan dazuzzuka.

Abin da take yi kuwa ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya leƙa ciki. Ƙanƙarar hunturu da ke kwanciya a kan duwatsun, wadda da can take narkewa a hankali tana shayar da saiwoyi, yanzu da wuri take tafiya. Zafi ya zo da wuri, ya kuma ƙi tafiya. Itatuwan can ƙololuwa, waɗanda sanyi ne ke hana su sakewa, wasunsu har ƙiba suka ƙara. Amma na ƙasa-ƙasa, musamman na gangaren da ke fuskantar kudu inda rana ke dukansu yini guda, zobbansu sai ƙara tsukewa suke yi. Bayan mugun zafin nan na shekarar dubu biyu da uku, wasu ba su sake komawa yadda suke ba.

Wanda ya koya mini duk wannan wani dattijo ne ma'aikacin labon, gajere, mai ciwon gwiwa, wanda ya fi wasu farfesoshin sanin itace amma bai damu a sani ba. Mushe nake ce masa, wato malam a bakin Faransawa, yadda muke kiran malamanmu a lakkwal, makarantar boko, shi kuma ya yi ta ƙorafi wai na tsufar da shi. Yana da wani wasa mai ba ni haushi. In mun je daji sai ya tsayar da ni gaban itace, ya ce in ɗaga kai in gaya masa ko lafiyarsa ƙalau. In duba in ga kore shar, in ce ƙalau. Ya huda, ya zaro, ya miƙo mini. Zobban shekarun baya-bayan nan sun matse har ido ba ya raba su.

Ya ce, “Wannan ya daɗe yana mutuwa. Bai dai gaya wa kowa ba.”

Na ce masa a ƙasarmu itace in ya wahala yakan zubar da ganye kowa ya gani, waɗannan naku munafukai ne. Ya ce to, ai shi ya sa muke huda su.

Ranar Lahadi bayan azahar ta Baba ce. Nakan sauko in shiga ɗaya daga cikin shagunan talho na unguwar, in shige ɗan akurkin gilashi in kira gida. Baba mutum ne mai cika gaisuwa. Sai ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, sanyi, karatu, maƙwabta, har mahaucin da ke ƙasana wanda bai taɓa gani ba. Ni kuma idona na kan mintocin da ke gudu, ina amsawa ina buga ƙafa. In ya ishe ni sai in katse shi, “Baba, ya ruwa?” Nan hira take buɗewa. Yana da ma'aunin ruwan sama da ya kafa a tsakar gida tun yana aiki, kuma shi ba ya cewa an yi ruwa kawai. Sai ya faɗi ranar, ya faɗi milimita, ya faɗi ta inda hadarin ya taso, ya gaya mini geron wane ya kai gwiwa, na wane kuwa ya ƙone don ya yi gaggawar shuka. Da rani kuma a koma labarin rijiyoyi da awakin da suka cinye masa dashe. Ni ma in ba shi labarin duwatsuna, ya yi ta jinjina cewa ƙasar ƙanƙara ma tana kukan fari. Abin da ya faɗa nakan rubuta a bayan littafin aikina, don tun ina ƙarama ya saba mini da rubuta ruwa.

A shekarata ta uku abin ya canja, ban kuma lura da ranar da ya canja ba. Cikin kaka ne. Na kira, Inna ta ɗauka ta ce, “Ya tahi masallaci.” Lahadin gaba, “Shina barci, ya gaji.” Ta gaba kuma wai an yi rasuwa a ƙauye, ya je gaisuwa. Ban kawo komai a raina ba. Kaina ya ɗauki zafi da aiki, tallafin karatuna saura shekara guda ya ƙare, shugabar bincikena kuma kullum muka haɗu a baranda tambayarta ke nan yaushe za ta ga babi na gaba. Har wani sauƙi nake ji in an ce ba ya nan, in gaisa da Inna in koma kan madubina. Wannan ma gara in faɗe shi, tunda gaskiya ce.

Da Baba ya dawo kan talho muryarsa ta ɗan yi nauyi, amma gaisuwarsa na nan. Lahiya lau. Ina gajiya. Ina sanyi. Madalla. Kafin in ja shi da hira sai Inna ta karɓe, ta shiga ba ni labarin bikin da ban san masu shi ba. Wata Lahadi cikin watan Maris, lokacin da ko ɗigo ba a yi a Maraɗi, na tsokane shi na ce, “Baba, ya ruwa?”

Ya ce, “Ruwa ya yi gyara.”

Amsar da kowa ke ba kowa ce a bakin hanya da damina. Na tuntsire da dariya a cikin akurkin har na kusa da ni ya juyo, na ce Baba bai bar barkwanci ba. Na rubuta a littafi, na ja masa layi a ƙasa. Amma da damina ta sauka da gaske na sake tambaya, amsar ba ta canja ba. Babu rana, babu milimita, babu gonar kowa. Ruwa ya yi gyara, shi ke nan. Raina ya ɓaci. Na ɗauka fushi yake da ni don na daɗe ban je gida ba, ko kuma katse shin da nake yi ne ya ishe shi. Na ce to, in gaisuwa yake so, ga gaisuwa. Na riƙa gaishe shi a tsaitsaye, minti biyu in ajiye, in fita ina huci.

A farkon Satumba ina haɗa sakamakon wani gangare mai fuskantar kudu, sai itace ɗaya ya ƙi shiga sahu. Akwai shekarun da duk itatuwan yankin suka shaida tare, kamar farin da aka yi a shekarar saba'in da shida. Zoben wannan shekara siriri ne a jikin kowa, da shi ake gane ko lissafin mutum ya tafi daidai. Amma a wani tsohon pin da muka ba lamba goma sha huɗu, siririn zoben sai ya faɗo mini a saba'in da bakwai. Na ƙirga sau biyar. Na sake gogewa. Na ƙirga daga waje, na ƙirga daga ciki. Kwana uku ina zagaye teburin kamar kazar da ke neman wurin yin ƙwai. A ƙarshe na je na ce wa Mushe ko dai an yi kuskure a daji, ko kuma itacen nan ba shi da hankali.

Ya ɗauko sandan da aka ciro daga itacen da ke maƙwabtaka da shi, ya jera su biyun ƙarƙashin madubi, ya riƙa bin su da bakin allura, zobe da zobe, har ya tsaya. Ya matsa ya ce in duba. Maƙwabcin yana da zobe a shekarar da ta biyo bayan babban zafin, siriri kamar gashi, amma yana nan. Lamba goma sha huɗu ba shi da komai a wurin.

Na ce, “Ba zai yiwu ba. Itacen nan yana da rai, da idona na gan shi, kore ne.”

Ya ce, “Yana da rai. Amma a wannan shekarar bai samu abin da zai ƙara ba, sai ya tsallake. Ke abin da kika gani kawai kike ƙirgawa. Wadda ba ta nan ita ma shekara ce. Ki sa mata sifili ki ci gaba.”

Na sa sifilin. Nan take duk shekarun baya suka koma mazauninsu, saba'in da shida ta zauna a saba'in da shida. Na ji kunya, na kuma ji haushin yadda abin ya zo masa da sauƙi. Na jawo littafina in rubuta don kada in sake, gaban ya cika, na juya baya neman fili. Idona ya faɗa kan ruwan Baba.

Shafukan farko cike suke, rubutun har yana hawa gefe. Daga nan layukan suka gajarce. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na bar karanta abin da na rubuta na bi kwanakin wata. Daga tsakiyar Oktoba har bayan shigowar sabuwar shekara babu komai. Lahadi goma sha ɗaya. Ban bar musu ko fili ba, na ɗora na gaba daidai ƙarƙashin na baya kamar ba abin da ya shiga tsakani. Bayansu kuma babu adadi ko ɗaya, babu sunan mutum, babu wata magana da ba gaisuwa ba. Ga “ya yi gyara” ta watan Maris da layin da na ja mata da hannuna.

Ban kira gida ba, don na san lahiya lau zan samu. Maƙwabci nake bukata. Baba yana da ƙanwa a Paris, Gwaggo, wadda ta daɗe da aure a can tana sayar da shadda da turare a cikin gidanta kusa da Barbès. Ta je gida da daminar nan ta dawo. Da can in ta dawo sai ta kira ni ta ce in zo in kwashi kayana kafin ƴaƴanta su cinye, in kwana biyu tana ba ni labarin kowa. A wannan karon ta ba wani ɗalibi mai zuwa Lyon kilishina, ko talho ba ta yi mini ba. Na lura da haka a lokacin, na ce aiki ne ya yi mata yawa.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa na safe. Awa biyu ce tafiyar, ban zauna rabinta ba. In tashi in je ƙarshen taragon, in dawo, in sake tashi, har matar da ke kusa da ni ta ɗauke ƙafafunta gaba ɗaya ta bar mini hanya. A Barbès ranar kasuwa ce. Na kutsa ƙarƙashin gadar metro, masu tumatir da kifi na ta ihu, mata na jan kekunan cefane suna taka ni, jirgi na wucewa a bisa kai. Na saba tsayawa in yi ciniki ko ba zan saya ba, ranar ban ga komai ba.

Gwaggo ta buɗe ƙofa, ta gan ni, fuskarta ta yi wani iri kafin ta saki murmushi. Ta zaunar da ni tsakanin ƙunshin shaddodi ta shiga gaisuwa mai tsawo irin wadda ba ta saba yi mini ba. Ta kawo ruwa, ta kawo dambu, ta ce in ci tukuna.

Na ce, “Gwaggo, mi ya samu Baba?”

“Mi kinka ji?”

“Ban ji komi ba. Shi ya sa na zo.”

“Lahiya lau na baro shi, ɗiyata. Ci abinci.”

“Kun yi hira?”

“Mun gaisa.”

“Ban ce gaisuwa ba. Hira. Ya kira sunanki?”

Ta ɗauki wata shadda da ke ninke ta warware, ta sake ninkewa. Ta daɗe a kan haka. Sannan ta ajiye ta ce, “Bon. Amma ba a bakina kinka ji ba.”

Cikin kakar bara ne, bayan sallar la'asar, ya faɗi a tsakar gida. Hawan jini. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi. Ya yi makonni a asibiti. Da ya fara dawowa, sai aka ga salati na nan, gaisuwa na nan, suna fitowa sumul kamar ba abin da ya same shi. Amma in yana son ruwa ba zai iya cewa ruwa ba, sunan Inna ma ya gagare shi. Likita ya ce musu haka ciwon yake yi wani lokaci, abin da baki ya fi sabawa da shi shi ke saura. Ranar da Inna ta ɗauki talho za ta gaya mini, ya riƙa dukan tabarma da hannun hagu yana girgiza kai yana hawaye, har ta ajiye. Kowa ya gane nufinsa, kada a taɓa mini karatu.

Gwaggo ta ce, “Duk Lahadi tun da hantsi za a yi mishi wanka, a sa mishi riga mai kyau, a zaunar da shi. Talhon na hannunshi na hagu, shina jiranki.”

Ni kuma minti biyu nake ba shi, a tsaye. Da na tuna haka sai kukan ya juye mini faɗa. Na ɗaga wa Gwaggo murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce kun mai da ni baƙuwa, shekara guda kowa ya sani har ƴan unguwa, ni kaɗai ake yi wa wasan yara. Na ce in da ya mutu fa?

Ta ce, “Da an ce miki jikinshi ya yi tsanani, ki taho. Haka anka yi mini da tamu uwar ta kwanta. Sai da na sauka mota na ga tabarmi a ƙohwar gida. Na yi hushi shekara biyu, daga baya ni ma na yi ma wani.” Ta share idonta da gefen mayafi. “Ki yi tunani, ɗiyata. Abu ɗaya ya rage mishi da shike iya yi miki, shi ne wannan. In kin tahi yanzu, kin zubar mishi da shekara guda da ya yi shina riƙo.”

Ba ƙarya ta yi ba, shi ya sa maganar ta fi ciwo. Saura mako uku mu hau duwatsu hawan ƙarshe, zuwa itatuwan ƙololuwa, kafin ƙanƙara ta rufe hanya. In babu su ba ni da abin da zan gwada na ƙasa da shi, babin ya tafi, kuma kafin hanya ta sake buɗewa tallafina ya ƙare. Ban kwana a gidanta ba. Na fito na bi titi da ƙafa, na wuce bakin metro uku ban shiga ba. In ce zan tafi gobe, in yi taku goma in ce a'a, mako uku ne kawai, mutumin da ya yi shekara zai yi mako uku. In tuna Mushe yana miƙo mini sanda daga jikin itace kore shar, in sake rushe shawarar. Haka na isa tashar jirgi ƙafafuna na zafi, ban tsayar da komai ba.

Washegari Lahadi. Bayan azahar na shiga akurkin gilashin na zauna a kan ɗan bencin da ban taɓa zama a kai ba. Inna ta ɗauka, ta ce ga shi. Na yi niyya yau ba zan katse shi ba. Ya tambayi kwana, na amsa. Gajiya, sanyi, aiki, mutanen gida, na amsa duka a hankali, ni ma na mayar masa da tambayar, yana cewa lahiya lau, madalla. Har muka kai ƙarshe, inda da can nake tsoma baki in ce ya ruwa. Yau ban tsoma ba. Ina jin numfashinsa, ina jin yana ƙoƙarin ɗago wani abu ya kasa. Sai kawai ya ce, “Ina kwana.”

Ya koma farko. Na ce, “Lahiya lau, Baba.” Muka sake bi tun daga kan gajiya har madalla. Sau uku muka zagaya kafin Inna ta karɓa. Ban gaya mata na sani ba, ita ma ba ta ba ni labarin biki ba. Na fito daga shagon na wuce wurin masu sayar da tikitin jirgin sama, na tarar a rufe don Lahadi ce, na tsaya ina kallon ƙofar kamar za ta buɗe don ni.

Ranar Litinin na gaya wa shugabar bincikena. Ta yi mini jaje da gaske, ta kuma gaya mini gaskiya, cewa ita za ta jira ni amma ƙanƙara ba za ta jira ba. Mushe ya ce zai hudo mini abin da ya iya a tsakiyar gangaren, sai dai gwiwarsa ba ta kai shi ƙololuwa, kuma ni ma na san haka. Sanda biyu ake cirowa a kowane itace. Ya ɗauko na biyun na lamba goma sha huɗu, ya naɗe a takarda ya ba ni. Ya ce tsohon ma'aikacin daji zai so ya taɓa.

Na sauka Maraɗi gero na tsaye a gonaki, an fara girbi. Na tarar da shi a tsakar gida, a inuwar bedi, dogon yaron da ya shuka tun kafin a haife ni. Ya rame. Hannun dama na ajiye a kan cinyarsa kamar na wani. Ma'aunin ruwan na nan inda yake, da ruwa da busassun ganye a ciki, ba wanda ya zubar. Da ya gan ni ya ɗaure fuska, ya juya ya harari Inna, ta ce wallahi ba ita ba ce. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa tsaf, hawaye na bin gefe ɗaya na fuskarsa.

Mako shida na yi. Da safe nakan zauna kusa da shi in sa masa sandan a hannun hagu, ya riƙa bin zobban da farcen babban yatsa. Na nuna masa shekarun ruwa da na fari, na nuna masa inda suka fara matsewa. Na kai yatsansa wurin shekarar da babu, na gaya masa yadda ta wahalar da ni kwana uku. Ya daɗe yatsan na wurin. Ban san ko ya gane duka ba. Na zubar da ruwan ma'aunin na wanke shi, ya bi ni da ido har na mayar da shi daidai yadda yake so.

Cikin mako na biyar na je gidan intanet na tarar da saƙon Mushe. Ƙanƙara ta sauka a ƙololuwa, an rufe hanya. Ya samo mini itatuwa takwas a tsakiya, na sama kuwa sai baɗi. Na san abin da hakan ke nufi. Karatun da Baba ya yi shekara yana karewa da bakinsa ya tsaya, kuma sai da na ƙara shekara biyu, ina gyaran ɗakuna a otal da safe ina labo da yamma, kafin in kammala. A ranar ban san ma ko zan kammala ba. Na dawo gida a ƙafa cikin rana, na wanke fuska a bakin randa kafin in ƙarasa inuwar.

Inna na zaune gefensa tana tsince wake. Ta dubi idona sau ɗaya, ta gane. Na zauna. Baba ya gaishe ni da rana, ya tambayi gajiya. Sannan ya ɗora hannun hagunsa a kan nawa ya ce, “Ina karatu?”

Na ce, “Lahiya lau, Baba.”

Ya lumshe ido ya ce, “Madalla.”

Inna ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsintar wakenta.